Kafin ka biya dala don a buga maka bincikenka

A watan jiya wani ƙanina da ke karatun digiri na biyu ya same ni a Idi-Araba, bakinsa har kunne. "Yaya, sun karɓi takardata," in ji shi. Ranar Litinin ya tura wa wata mujalla bincikensa, Laraba aka ce an amince, saura ya biya kuɗi da dala. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin ɗalibanmu a nan Legas: a ga saƙon imel mai zaƙin baki a ɗauka mujalla ce ta gaske. Mujallar ƙwarai takan miƙa aikinka ga masana fannin su tantance, abin da kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma da wuya ya dawo ba gyara. Kwana biyu ba su isa a karanta teburan lissafinka ba ma. A shekarar 2013 ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiri binciken bogi mai cike da kurakurai, ya aika wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Abin da ya fi ba ni takaici, idan ka buga a irin waɗannan mujallu na damfara aikin ya salwanta, domin mujallar kirki ba za ta sake buga abin da ya riga ya fita ba, kwamitin ƙarin girma kuma yana iya ƙin ƙirga shi. Maganin ba wuya. Ka nemi sunan mujallar a DOAJ, kundin tantattun mujallun da ake karantawa kyauta a intanet, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003. Ka duba editocin da aka lissafa, ka ga ko shafin jami'arsu ya nuna suna aikin. Sannan ka tambayi malaminka.

Wasu kuma sun gudu can ɗaya ɓangaren, sun ce duk mujallar da ake karantawa kyauta ta 'yan damfara ce, ko kuma sai mai dala. Ba haka ba ne. Mafi yawan mujallun da ke DOAJ ba sa karɓar ko sisi daga marubuci. Ga kuma AJOL, da ke tattara mujallun Afirka tun 1998, na Najeriya birjik a ciki. Masu cajin ma da yawa suna da tsarin rangwame ko yafiya, sai dai ana nema ne lokacin tura takarda, ba bayan an karɓa ba.

Akwai kuma sa hannu a takardar haƙƙin mallaka ba a karanta ba. Ka karanta. Idan lasisin CC BY ne, kowa na iya yaɗa aikin muddin ya ambaci sunanka. Idan ka miƙa haƙƙin ga mawallafi, kada ka ɗora kwafin ƙarshe da ya buga a intanet. Galibi rubutunka da aka amince da shi ake yarda ka ajiye a rumbun jami'arka, wani lokaci bayan wasu watanni.

Ƙanin nawa ya rubuta musu cewa ya janye takardarsa. Yanzu tana hannun wata mujalla, mako na biyar ke nan yana jiran masu tantancewa.