Ki bi buhu guda da littafi kafin ki sayi inji

Duk mai sana'ar man gujiya da ta zo mini neman shawara a nan Maradi, kukanta ɗaya ne: jari ya yi kaɗan, da ta samu injin matsa da ta huta. Ni kuwa nakan ce mata ta jingine zancen inji tukuna, ta sayi littafin ƴan makaranta da biro.

Ki zaɓi ranar aiki, ki bi buhu guda tun daga saukewa har man ya shiga bido. Ranar nan kada ki sa hannu, kada ki gyara wa kowa, ki bar aikin ya tafi yadda ya saba. Naki kawai duba agogon waya da rubuta lokacin da kowane aiki ya fara da lokacin da ya ƙare: tsinta, suya, murza da shiƙa, niƙa, tuƙi da ruwan zafi, matsa, mulmular tunkuza, tuyar ƙuli-ƙuli. In ba ki rubutu, ɗiyarki ta riƙe biron.

Da dare ki duba, amma ba tsawon aikin za ki fara kallo ba. Ki kalli tsakanin aiki da aiki, inda kaya suka zauna ba mai taɓa su. A gidaje da yawa ga abin da ke fitowa: an gama suya, gujiya na cikin roba tana jiran yarinyar da aka aika ɗebo ruwa. Ta dawo ta kai niƙa, ta tarar da layin masu hatsi, mai inji ya ce sai ya gama da gero. Kafin ƙullun ya iso gida ya huce, wuta ta mutu, ruwan tuƙi ya yi sanyi. Ƙullu mai sanyi kuwa rowar mai gare shi. Sai an sake hura wuta, an ci itace sau biyu, hannu ya gaji, man bai kai ba. Ina laifin jari a nan?

In kin gano inda ake jira, ki bi shi da tambaya. Taiichi Ohno na kamfanin Toyota a Japan ya koya wa ma'aikatansa su tambayi "me ya sa" har sau biyar kafin su yarda sun kai ga tushen matsala. Me ya sa aka tarar da layi? An je da hantsi. Me ya sa? Suya ta makara. Me ya sa? Da safe ake fita sayen itace. To, ki sayi itace tun da yamma, ki yi magana da mai inji ya ware miki sa'a guda kafin masu gero su taru. Ko dala ba ki ƙara a jari ba.

Sai awo. Kowane aiki ki rubuta tiya nawa kika zuba, lita nawa kika samu, ƙuli na nawa ya fito, da inda gujiyar ta fito, ta wajen Madarumfa ce ko ta Gidan Rumji. Mukan ce mai ya maido kuɗin gujiya, ƙuli shi ne riba, amma mata nawa ne suka taɓa lissafawa su gani? Littafin zai nuna miki wane dillali ke kawo mai ƙasa da tsakuwa, zai kuma gaya miki ko ajiyar da kika yi da kaka, lokacin araha, ta biya wahalarta.

Abu ɗaya za ki canza a lokaci guda, ki bar shi ya ga kasuwar Litinin da ta Juma'a kafin ki taɓa wani. In kika canza uku tare, ba za ki san wanne ya yi aiki ba.

Sabuwar dabara ma daga littafin take fitowa. Ɓurɓushin ƙulin da ke taruwa a gindin kwano, wanda ake bar wa yara, ki daka shi ki kai wa masu tsire, garin ƙuli suke nema kullum. Masu kilishi na sayen tunkuza ɗanya, ba sai kin toya ba, kin tsira da itacenki. Masu shago su aiko da saƙo ta WhatsApp tun ana gobe, ki matsa daidai abin da aka nema, na nesa su turo kuɗi ta Nita ko Amana.

In bayan duk wannan matsa ce har yanzu ke riƙe aikin, to inji ya cancanta. Amma ki tambayi mai sayarwa: da wutar Nigelec yake aiki ko da gazuwal? Mun ga yadda aka zauna cikin duhu a 2023 da Najeriya ta yanke wuta. Ki tambayi inda ake samun kayan gyaransa, don in sai Kano ko Katsina, ki tuna an rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Kuma ki nemi wanda ya riga ya sayi irinsa, ki je da tiya biyar ta gujiyarki a matsa a gabanki, ki auna man da litarki.