Yadda za ka gane sansar oksijin ta motarka ta fara mutuwa

Sansar oksijin, wadda masu sayar da kayan mota a Maradi suka fi sani da sonde lambda, tana ɗaure ne a jikin bututun salansa. Aikinta ta auna ragowar iskar oksijin da ke cikin hayaƙi, ta sanar da kwamfutar mota ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, domin a riƙe ma'aunin iska 14.7 ga mai 1. Galibin motoci masu silinda huɗu suna da biyu: ɗaya kafin katalizer (tukunyar da ke tace gubar hayaƙi a jikin salansa), ɗaya bayansa. Ta gaban ita ce mai faɗa a ji wajen shan mai.

Alamar farko a aljihu take bayyana. Man da ya saba kai ka Tasawa ya dawo da kai sai ya daina isa, alhali tuƙinka bai canza ba. Bakin salansa ya yi baƙi da kunkunniya, hayaƙi na warin ɗanyen mai, buji ma in ka kwance su za ka tarar sun yi baƙi. Idan mota na tsaye inji na aiki, allurar juyin inji ta riƙa hawa da sauka. Fitilar inji tana iya kamawa, amma sansar da ta tsufa ta yi nawa kan daɗe tana cin mai kafin fitila ta nuna komai.

Kada ka sayi sabuwa don kawai na'urar bincike ta ambaci sunanta. Nan ne kuɗin mutane ke salwanta. A jona na'urar a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a karanta lamba. P0130 zuwa P0134 na nufin saƙon sansar gaba yana da matsala. P0135 kuwa hitar da ke cikinta ce, don sansa ba ta fara aiki sai ta kai zafin kusan digiri 300; a nan fis za ka fara dubawa, sannan waya, don takan narke idan ta taɓa salansa. P0171 na cewa iska ta fi mai yawa, kuma sau da yawa sansar gaskiya ta faɗa: ko dai tiyon iska ya tsage, ko famfon mai ya yi rauni, ko salansa ta huje a gaban sansar tana zuƙo iska daga waje. P0420 maganar katalizer ce, wanda a motocin hannu da yawa an riga an fafe cikinsa. Sabuwar sansa ba za ta goge wannan lambar ba.

Gwajin da ya fi inganci shi ne a bar inji ya yi zafi sosai, a riƙe shi a juyi 2,000 a minti, a kalli ƙarfin wutar sansar gaba a na'urar bincike. Lafiyayya tana tsalle tsakanin volt 0.1 da 0.9 kusan kowace daƙiƙa. In ta tsaya cak a wajen 0.45, ko tana jan ƙafa, ta gaji. Sai dai Toyota da yawa na bayan nan suna da wata irin sansar gaba da ke zama kusan volt 3.3 ba tsalle. Wannan lafiyarta ƙalau.

Kafin a canza, a nemo abin da ya kashe ta: inji mai ƙona baƙin mai, ruwan lagireto da ke malala cikin silinda, gam ɗin silikon da aka lafta a gasket, ko gurɓataccen man kwalba na bakin hanya. In ba a magance ba, sabuwar ma haka za ta bi.

Wajen kwancewa, salansa ta kasance da ɗumi, ba zafi jau ba. Cire soket ɗin wayar tukuna, fesa man kwance tsatsa, sa sifana lamba 22. Sabuwar a fara ɗaura ta da hannu don kada zaren ya goce, a ƙarasa da ƙarfin kusan Nm 40 zuwa 45 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Sayi mai lambar da ta dace da injinka, Denso, NTK ko Bosch, da soket ɗinta, ba wadda za a yanke waya a haɗa ba. Wanke tsohuwa da mai ba ya dawo da ita. Daga nan a goge lambar matsalar da na'urar bincike, a yi tafiyar kilomita kaɗan, a sake karantawa.