In faya ta fashe ba naƙuda, dan Allah a daina waɗannan abubuwan

Abin da ya fi cutar mata a nan Katsina shi ne zaman jiran ciwo. Ruwa ya zubo, mara ba ta ciwo, baya lafiya lau, sai a ce ai zaƙi ne yake fita, a jiƙa maganin zaƙi a ba ta, a ce bari gari ya waye ko maigida ya dawo daga kasuwa. To fayar nan ita ke tare ƙwayoyin cuta, tana fashewa hanya ta buɗe har wajen yaro, kuma kullum aka ƙara awa haɗarin ƙaruwa yake. Maigida, tun yanzu ka ba ta izini, in abin ya zo ba ka nan ta tafi asibiti kawai.

Wasu kuma su ce fitsari ne. Sa kunzugu mai tsabta ki duba, ruwan faya bai tsayawa ko kin matse, kuma ba shi da zarni. In kore ne yaro ya yi kashi a ciki, a hanzarta.

Sai ungozoma ta yi ta sa hannu wai tana duba ko kai ya sauko, a'a wallahi, ba sa hannu, ba zama cikin ruwan zafi, ba matsi, ba kwanciya da miji. Allurar naƙuda a kemis kuwa tana iya fasa mahaifa.

Wanda ya fi ban takaici shi ne fidda rai, ciki wata bakwai ruwa ya zube sai a ce shi ke nan ɓari ne a zauna gida. Alhali in bai kai sati 37 ba likitoci kan ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su erythromycin, in ƙasa da sati 34 ne a yi allurar dexamethasone don huhun yaro ya yi ƙwari kafin ya fito, bakwaini da yawa sun rayu ta haka. Shi ya sa gara a nufi inda akwai kwalbar jarirai, kamar asibitin Turai Yar'adua ko asibitin koyarwa na tarayya, a riƙe katin awo, a kuma tuna ƙarfe nawa ruwan ya fara don sai an tambaya.

Zazzaɓi, ruwa mai wari, jini ko motsin yaro ya ragu, ko tsakar dare ne a nemo mota. In kuwa cibiya ta leƙo waje kar a tura ta ciki, mai cikin ta duƙa kamar mai sujada ƙugu sama har a samu abin hawa.