Yadda za ki fara zane bayan rasuwar ɗa, ko da ba ki taɓa riƙe buroshi ba

'Yar uwa, ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne. Ni ma na bi ta hanyar nan, ɗan farina ne ya rasu yana shekara 4, zazzaɓi na kwana uku shikenan. Kin san al'adarmu ta alkunya, ɗan fari ko sunansa ba na iya kira a gaban mutane yana raye, toh ina ga ya rasu, gida cike da 'yan gaisuwa har aka yi sadakar bakwai ina zaune a ɗaki ina amsa "ya haƙuri" kamar wata baƙuwa, sai dare ya yi in cusa kai cikin filo. Bayan arba'in kowa ya watse, a nan ne abin ya danne ni da gaske. Zane ne ya taimake ni, shi ya sa nake so in gaya miki yadda na yi.

Da farko kar ki kashe kuɗi. Littafin zane irin na 'yan firamare, fensir, da kalar ruwa mai ƙaramin buroshi a ciki, duk wani kantin littattafai akwai su. In babu, gawayin murhu da bayan kwali ma sun isa, wallahi da su na fara. Ki nemi lokacin da gida ya yi shiru, ni bayan sallar asuba ne kafin a ɗora koko, minti 15 kawai.

Na san tambayar da ke ranki, zanen mai rai fa? Malamai da yawa sun hana, ni ma ban zana fuskarsa ba ko sau ɗaya, kuma ban ji na rasa komai ba. Kayansa za ki zana. Ki ɗauko abu ɗaya, ɗaya tak, ki ajiye a gabanki a kan tabarma. Nawa silifas ɗinsa ne, shuɗi, ƙafar hagu ta fi cinyewa ta dunduniya don yana jan ƙafa in yana gudu, igiyar ta taɓa tsinkewa babansa ya maƙale ta da ƙusa ta ƙasa. Ban taɓa lura da cinyewar nan ba sai da na zauna zan zana, na fi awa ɗaya ina kallon takalmi ina kuka, layi biyu kawai na ja ranar. Ki daɗe kina kallo kafin ki ja layi, ki fara da siffar waje a hankali, sannan tabo da karce da duk inda hannunsa ya taɓa. Kar ki goge. In ya karkace ki bar shi a karkace, ba jarrabawa ake ba.

Kala kuma ki jiƙa buroshi sosai, ki fara da mai haske ki bari ta bushe kafin ki ɗora mai duhu, in ba haka ba duk sai su caɓe su zama kalar taɓo. Ranar da ba ki iya kallon kayansa, ki shafa kala kawai a takarda, wadda ranki ya ɗauka. In hannunki ya saba da zanen lalle, ko kina tuna zayyanar allon sauka, ko dagin da ake yi a bangon gidajen Kano da Zariya, ki yi irinsu ki cika shafi. Ki rubuta kwanan wata a ƙasa.

Kuka zai zo, ki bar shi ya zo. Annabi (SAW) ma idonsa ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim ya rasu. Kuma dan Allah kar ki sa wa kanki wa'adi. Akwai wata mai zane 'yar Jamus, Käthe Kollwitz, an kashe ɗanta Peter a Beljiyam a 1914 farkon yaƙin duniya na ɗaya yana shekara 18, ta fara aikin tunawa da shi amma ba ta kammala ba sai 1932, kuma a ƙarshe uwa da uba ta sassaƙa a durƙushe, ɗan ba ya ciki.

Ba dole ki nuna wa kowa ba, balle ki ɗora a Facebook mutane su yi ta surutu. Ni maigida kaɗai na nuna wa, bayan wata biyar, ya riƙe takardar shiru can ya ce "har da ƙusar kika sa", ranar ce muka fara maganar yaron tun da aka kai shi.

Amma in kin ga makonni suna wucewa ba barci ba cin abinci, ko kina jin gara ki bi shi, wannan ya wuce zane, ki gaya wa Inna ko wata yayarki yau ɗin nan su raka ki wajen likita. Littafin ki ajiye shi cikin leda saboda damina da gara, nawa yana ƙasan akwati tare da silifas ɗin.