Yadda Ake Auna Unguwa Kafin a Kama Gida a Kano

Mafi yawan masu neman gidan haya ko na saye a Kano suna ƙare bincikensu ne a cikin gidan kansa: a ƙirga ɗakuna, a duba rufi, a leƙa banɗaki da madafi, sannan a shiga ciniki da dillali. Alhali gida ana iya yi masa gyara, a toshe yoyo a sake fenti, amma unguwa yadda ka same ta haka za ka zauna da ita, kai da iyalinka, har ranar da Allah ya yi za ka tashi. Saboda haka ya kamata lokacin da ake ɓatawa wajen duba unguwa ya ninka wanda ake ɓatawa wajen duba gini, kuma a yi duban a lokutan da unguwa ba ta iya ɓoye aibinta.

Dillali yakan kai mutum da hantsi, lokacin da yara suna makaranta, magidanta sun fita nema, layi ya yi tsit. A wannan lokacin kowace unguwa lafiya lau take. Ka koma kai kaɗai bayan sallar isha'i, ka ga ko akwai haske a layin, ko masu shago da mai shayi suna zaune hankali kwance, ko kuwa tun ƙarfe tara kowa ya garƙame ƙofarsa. Ka sake komawa da sassafe, lokacin da ake fita aiki, domin ka ga yadda abin hawa yake samuwa. Idan kuma da hali, kada ka biya kuɗi sai ka ga wurin bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi.

Zan daɗe a kan maganar ruwan sama, domin a nan na taɓa ƙonewa. Na kama wani gida a watan Fabrairu, ana tsakiyar rani, na ga tsakar gida a share, na ji daɗin sauƙin kuɗin. Ban lura da cewa kowane gida a layin an ɗaga masa dokin ƙofa kusan zuwa gwiwa ba, ban kuma tambayi dalilin wani baƙin zane da ya bi jikin katangu a miƙe ba. Da watan Agusta ya zo, cikin dare ɗaya ruwa ya shigo mana har ɗaki, muka kwana muna kwasa da bokiti, katifa a jingine da bango, yara a kan tebur. Waccan alamar da na gani a katanga ita ce iyakar inda ruwan bara ya tsaya. Don haka ko da rani ne, ka dubi ƙasan katangu: danshi, farin gishiri-gishiri da yake cin siminti, buhunan yashi da aka jera a bakin ƙofa, duk shaida ce. Ka bi kwatar layin da ƙafarka har ka ga inda take zubewa, domin sau da yawa za ka tarar an yi gini a kanta ko shara ta toshe ta. Ka kuma tambayi dattawan wurin abin da yake filin kafin a yi gini. Birnin Kano yana da kududdufai masu yawa, waɗanda asalinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, kuma su ne suke karɓar ruwan damina. An cike da yawa daga cikinsu an yi gidaje, ruwan kuwa bai manta hanyarsa ba.

Daga nan sai ruwan sha. Ganin famfo a tsakar gida ba ya nufin yana kawo ruwa. Ka murɗa shi, ka tambayi maƙwabta yaushe rabon da ya zubo. Kano tana da manyan matatun ruwa kamar na Challawa da Tamburawa da Watari, amma unguwanni da dama sun dogara ne da rijiyar burtsatse da 'yan garuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tare ɗan garuwa ka tambaye shi nawa yake sayar da jarka yanzu, nawa kuma take kaiwa a watan Afrilu idan zafi ya tsananta rijiyoyi suka ja baya. Sai ka yi lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar kimanin lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake buƙata don sha da girki da ɗan tsafta, wato gida mai mutum takwas ba zai gaza lita 160 ba, fiye da jarka shida mai cin lita 25, ban da wanki mai yawa. Idan ka ninka wannan sau talatin, za ka ga cewa wani gidan mai arhar haya ya fi mai tsada cin kuɗi. Idan rijiya ce a gidan, ka dubi tazararta da masai ko ramin shadda, har da na maƙwabta. Masana tsaftar muhalli sukan ba da shawarar tazarar da ta kai mita 30, abin da yake da wuyar samu a unguwannin da gidaje suke manne da juna. Wanda yake neman gida kusa da yankunan masana'antu irin su Sharaɗa da Challawa da Bompai, sai ya ƙara da shinshina iska da duba launin ruwan da yake bin lambatu.

Wutar lantarki ba ta buƙatar dogon bayani. An kasa layukan wuta zuwa rukuni biyar, daga A zuwa E, inda aka tsara rukunin A ya samu aƙalla awa 20 a rana, E kuma awa 4, kuma a watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin rukunin A sosai. Ka san rukunin da layin yake, ka ga ko gidan yana da mita mai kati ko bil ake kawowa na ƙiyasi, ka tabbatar ba a bar maka bashin wanda ya tashi ba. Amma gaskiyar awannin wuta tana bakin mai walda da mai sayar da ƙanƙara da mai cajin waya. Su ne kuma za su gaya maka sau nawa taransifoma ta lalace, da ko karo-karo aka yi kafin a gyara ta.

Tsaro shi ne abin da mutane suke jin nauyin faɗa wa baƙo, musamman idan suna ganin maganarsu za ta ɓata wa wani ciniki. Kada ka tambayi dillali, kuma kada ka tambaya kai tsaye ko unguwar tana da lafiya, domin amsar kullum ita ce lafiya lau. Ka zauna wurin mai shayi, ka tambaya ko akwai 'yan sintiri da nawa kowane gida yake biya a wata, ka tambayi direban A Daidaita Sahu ko yana shiga layin bayan ƙarfe goma na dare. Idan ya ce sai dai ya sauke ka a bakin titi, ya ba ka amsa. Ka lura da kangaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba, da irin waɗanda suke zama a cikinsu da yamma, domin matsalar shaye-shaye da faɗan daba da ƙwacen waya ba ta rasa matattara.

Mai sayen fili ko gida yana da ƙarin aiki. Ya kamata ya san ko wurin awon gwamnati ne ko awon igiya, domin a awon igiya ba kasafai ake barin hanya mai faɗi ko filin makaranta da asibiti ba. Ka tsaya a bakin lungun ka tambayi kanka ko motar kashe gobara za ta iya shiga, ko kuma motar da za ta ɗauki mai naƙuda da tsakar dare. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna, don haka takardar ciniki da shaidu kaɗai ba ta isa ta kwantar da hankali ba. A binciki takardu a hukumar filaye, a kuma tuntuɓi hukumar tsara birane ta KNUPDA a ji ko wurin bai hau hanya ko magudanar ruwa ko ƙarƙashin babban layin wuta ba.

Sauran abubuwan ƙafa ce take auna su. Ka taka daga ƙofar gidan zuwa makarantar firamare da Islamiyya kana duban agogo, kana tuna cewa ɗan shekara shida ne zai riƙa yin wannan tafiyar, wataƙila har da tsallaka babban titi. Ka ga inda ake zubar da shara da ko ana kwashewa ko ƙonawa ake yi, ka nemi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da kemis da yake kaiwa dare, ka saurara ko akwai injin niƙa ko gidan biki a bayan katanga.

Sai kuma mutane. Ka yi sallar magariba a masallacin layin kwana biyu ko uku, ka ga ko ana gaisawa bayan an idar, ko ana cigiyar wanda ba a gani ba. Ka je ka gaida mai unguwa, ka gabatar da kanka, domin shi ne ya san gidan da ake rigimar gado a kansa da wanda masu haya ba sa daɗewa a cikinsa. Ka kuma tafi da maiɗakinka ta shiga ta gaisa da matan maƙwabta, don ita ce za ta fi kowa wuni a unguwar, kuma abin da za a faɗa mata a tsakar gida cikin rabin awa game da ruwa da sauro da tarbiyyar yaran layin, ba lalle ne kai a faɗa maka shi a zaure ba ko da ka yi mako guda kana zuwa.