Ɗalibi a Amurka: yadda za ka bi harajin da ake cire maka a albashi

Wani ƙanena daga Argungu ya samu aiki a ɗakin karatun jami'arsu a Amurka, awa 20 a mako, iyakar abin da bizar ɗalibai ta F-1 ta yarda lokacin karatu. Ranar albashin farko ya kira ni yana faɗa, wai an zaftare masa kuɗi. Ga abin da na ce masa.

Da farko ka nemi lambar Social Security (lambar shaidar ma'aikaci da gwamnati ke bayarwa), ka cike fom W-4 (wanda ake ƙayyade harajin da za a cire maka da shi) a ofishin biyan albashi, ka nuna kai baƙo ne, ba mazauni ba.

Na biyu, kada ka wahalar da kanka kan fom 8233, na neman sassaucin haraji. Abokanka 'yan Sin na cike shi don ƙasarsu ta ƙulla yarjejeniyar haraji da Amurka. Najeriya ba ta ƙulla ba. Da a Ingila ko Kanada kake karatu, ƙasashen da Najeriya ta ƙulla yarjejeniyar da su, da zancen ya sha bamban.

Na uku, nan kuɗi ke salwanta: bi takardar albashinka layi-layi. Harajin Social Security da Medicare (na fansho da inshorar lafiyar tsofaffi), kashi 7.65 cikin ɗari, ba a cire wa mai F-1 a shekaru biyar na farko. In ka ga an cire, koma ofishin su mayar maka. In suka yi ta jan ƙafa, aika fom 843, na neman mayar da kuɗi, ga hukumar haraji ta Amurka, IRS.

Ƙarshen Janairu za a ba ka W-2, takardar da ke nuna albashinka na shekara da harajin da aka cire. Da ita za ka cike 1040-NR, fom ɗin harajin baƙi, ka haɗa da 8843, fom ɗin da ke nuna matsayinka na ɗalibi baƙo, ka aika wa IRS kafin 15 ga Afrilu ta wuce. In an cire fiye da ƙima, rarar za ta dawo maka. Jihohi da yawa ma da nasu fom daban.