Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tsare Wi-Fi na Gida

A Garwa da Marwa da Ngaundere na ƙasar Kamaru, gidaje da yawa masu Wi-Fi ba waya aka ja musu ba. Ƙaramin akwati ne na Huawei ko ZTE ko TP-Link da aka saka wa layin MTN ko Orange ko Camtel, ana sayo masa data kowane wata. Shi ya sa alamar farko ta cewa wani yana shiga ba da izini ba ita ce datar wata guda ta ƙare tun wata bai raba ba, maigida kuma ya ɗora wa kamfani laifi, alhali ɓarakar tana cikin gidansa.

Babban kuskure shi ne zaton kalmar sirri ɗaya ce, alhali biyu ne. Akwai wadda wayoyi ke shiga da ita, akwai kuma ta shafin sarrafa akwatin kansa, wanda ake buɗewa a burauza ta rubuta 192.168.8.1 a yawancin akwatunan Huawei, ko 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 a wasu. A na'urori da dama, musamman tsofaffi, wannan ta biyun tana nan yadda masana'anta ta bar ta, wato admin, kuma duk wanda ya samu shiga sau ɗaya zai iya buɗe shafin, ya sauya komai, har ya bar mai akwatin a waje. Saboda haka ita ya kamata a fara canzawa, kuma kada ta zama iri ɗaya da ta farko.

Sai zaɓen kalmar kanta. Mutane suna son sa lambar wayarsu don sauƙin tunawa, amma maƙwabta sun riga sun san ta, kuma tunda lambobin salula a Kamaru tara ne masu farawa da 6, kwamfuta ba ta shan wahala wajen gwada su duka. Sunan ɗa da shekarar haihuwarsa ma haka yake. Tsarin yana karɓar haruffa daga 8 zuwa 63, don haka ya fi kyau a jera kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, a cakuɗa Hausa da Fulatanci da lambobi. A dai guji ƙ da ɗ da ɓ, domin ba kowace na'ura ke karɓarsu ba.

A ganina, inda aka fi yin asara shi ne wajen kunya. Yana da wuya mutum ya hana maƙwabci ko suruki, sai ya karɓi wayar ya rubuta masa kalmar da hannunsa, yana ganin ya ɓoye ta. Ba ta ɓoyu ba. Tun daga Android 10, waya tana iya nuna kalmar a matsayin hoton QR, wanda aboki zai ɗauka cikin daƙiƙa guda, daga nan kuma ta zaga majalisar samarin unguwa. Akwai ma manhajojin neman Wi-Fi kyauta da ke kwashe kalmomin da ke cikin waya su raba wa wasu. Maganin wannan shi ne a buɗe wa baƙi hanyar Wi-Fi tasu daban, idan akwatin yana da wannan damar, da kalmarta daban da za a riƙa sauyawa ba tare da an taɓa wayoyin iyali ba.

A cikin shafin sarrafawa, a duba nau'in tsaron da aka zaɓa. WEP ya tsufa, an gano rauninsa tun 2001, kuma ana fasa shi cikin mintuna. A zaɓi WPA2 tare da AES, wato tsarin ɓoye bayanai mai ƙarfi, ko WPA3 da ya fito a 2018 idan na'urorin gidan suna ɗaukarsa. A kashe WPS kuma, wato hanyar haɗa na'ura da akwatin ba tare da rubuta kalmar sirri ba, domin a 2011 an nuna cewa lambarsa mai alƙaluma takwas tana faɗuwa da gwaji kusan 11,000 kacal, komai ƙarfin kalmar sirrin. Ɓoye sunan hanyar kuwa ba tsaro ba ne, wanda ya san abin da yake yi zai gano shi.

Wurin ajiye akwatin ma yana da muhimmanci. Kalmar asali tana rubuce a bayansa ko ƙarƙashinsa, kuma akwai ɗan rami da idan aka danna shi da tsinke na ɗan lokaci komai zai koma yadda yake tun farko. Akwatin da aka bari a zaure ko kan teburin shago yana hannun duk mai shigowa. Wanda ya sayi na hannu a kasuwa kuwa, shi ya kamata ya fara danna wannan ramin da kansa, sannan ya sabunta manhajar akwatin kafin ya sa kalmominsa.

Bayan an gama, a buɗe jerin na'urorin da ke haɗe a ƙirga su da wayoyin gida. Idan an ga baƙuwa, toshe ta kaɗai ba ya isa, domin wayoyin zamani suna iya sauya lambar shaidarsu su dawo. Sauya kalmar sirri ne ke fitar da kowa lokaci guda.